Jan Fenti a Ƙyauren Mai Fito

Shekara talatin da ɗoriya Umara yana fito a mashigin Garin Safiyanu, can ƙasar Kirikasamma, bai taɓa kifar da ko akuya ba. A hannun ubansa ya gaji aikin, uban ma a hannun nasa uban. Amma da aka tashi raba shi da gorar tuƙinsa, ba ruwa ne ya ci wani ba, ba kuma kwale-kwalen ne ya huje ba. Tambaya ɗaya ce a cikin na'urar wasu baƙi, sai ɗigon jan fenti wanda bai kai faɗin tafin hannu ba.

Matarsa Fanna, wadda take bandar kifi a rumfarta a bakin mashigin, tana nan aka yi komai, shi ya sa har yau in aka ɗauko zancen sai jijiyar wuyanta ta tashi.

Bayan ambaliyar da ta cinye shinkafar fadama ta rushe rabin garin, sai ga farar mota ta shigo da mutanen wata jami'a. Suka sauka ƙofar Bulama, mai garin, da gaisuwa mai kyau, suka ce bincike suke yi a kan lafiyar ƙwaƙwalwa da kwanciyar hankalin jama'ar da ruwa ya yi wa ɓarna, domin a san irin taimakon da za a kawo. Bulama ya yi murna, ya haɗa su da ɗan aikensa Bala ya zaga da su gida-gida. Shi kuwa Bala dattijo ne da furfurarsa, amma duk garin an san bakinsa rariya ne, abin da aka zuba da safe kafin azahar ya tsiyaye.

Su kuwa mutanen gari abin da suka saba shi suka yi. A ce wa mutum, yaya barcinka? Alhamdulillahi. Kana yawan damuwa? Sai godiya. Mutumin da rumbunsa ya narke a ruwa, yana kwana a ƙarƙashin tamfol, baƙo ya zo da rana tsaka ya ce ya zazzage masa cikinsa? Ai ko surukinsa ba zai faɗa wa ba. Haka aka yi ta cika musu na'ura da hamdala.

Umara ne kaɗai ya ɗauki abin da gaske, don shi mutum ne da in ka tambaye shi zurfin ruwa zai gaya maka iyakar inda yake kai masa. A zaurensa suka same shi, nesa da kogi. Wata ɗaliba mai suna Amira, yarinya mai ladabi, ita ce take karanto tambayoyin, Fanna kuma tana daga bakin ƙofar cikin gida tana saurare.

"Baba, shin kakan ji ana kiran sunanka alhali ba ka ganin kowa?"

Umara ya yi dariya. "Kullum ta Allah, 'yata. Wata ran ya fi sau ashirin."

"Kana amsawa?"

"In ban amsa ba wa zai amsa? Tashi nake in bi muryar."

"Mutanen da suke kusa da kai, su ma suna ji?"

"Ina! Sau da yawa ni kaɗai nake ji."

Da alfahari ya faɗa, Fanna ma a ranta alfaharin ta ji. Duk wanda ya san kogin nan ya san yadda kacala ta mamaye shi. Ciyawa ce da ta fi tsayin mutum biyu, ta toshe ruwan tun daga wannan gaɓa har waccan, sai wata 'yar siririyar hanya mai lanƙwasa da masunta suke sarewa don jirgi ya bi. In kana tsaye a mashigi ba ka hango tsallake. Mai son a ɗauko shi sai dai ya tsaya can ya ƙwala kira, Umara kuma ya tsinci muryar a cikin iska da kukan tsuntsaye. Kunnen nan nasa shi ne rabin sana'arsa. To ita Amira ta hanyar tudu motarsu ta shigo, ko warin kogin ba ta ji ba. Ta dubi tsohon da tausayi, ta danna wani abu a na'urarta.

Da za su fita, kowane gida da suka gama sai su ja masa farin alli a bango, yadda masu allurar rigakafi suke yi. A ƙyauren Umara kuwa sai aka ɗiga jan fenti. Bala ya tambayi dalili, wani daga cikinsu ya ce masa alama ce kawai don likitan ƙwaƙwalwa ya gane gidan in ya zo. Alama ce kawai! Gida biyu rak aka yi wa jan a duk garin. Ɗayan na Hajo ne, baiwar Allahn da ɗanta ya shekara bakwai ba shi da lafiyar ƙwaƙwalwa, kowa ya sani. Sauran lissafin ba sai an yi wa mutane ba, balle ga Bala yana taya su.

Kafin sati gari ya ɗauka. Aka fara tuno abubuwan da ba a taɓa kula da su ba. Ai kuwa dama yana yawan yin shiru ya ƙura wa ruwa ido. Ai kuwa an taɓa ganinsa ya miƙe zumbur ana tsaka da hira. Matan da ya ƙetare da su zuwa asibiti suna naƙuda, su ne suka fara riƙe hannun 'ya'yansu in sun zo mashigi. 'Yan kasuwa suka gwammace su hau babur su zaga ta gada, tafiyar da take cinye musu rabin safiya. Wanda ya daure ya shiga jirgin kuwa sai ya zauna can ƙarshe yana addu'a a bayyane, kamar wanda aka ɗora a bayan kada.

Fanna ta tasar wa fentin nan da toka da yashi, ta koma kalanzir. Ƙyauren langa-langa ne, sai wurin ya yi fes yana ƙyalli, jan kuma ya maƙale a cikin lanƙwasar ƙarfen, ya ma fi fitowa fiye da da. Ta ɗauko takardar da Umara ya dangwala wa yatsa, wadda aka ce in da wata matsala a kira lambar da take jiki. Ta sa aka kira mata har ta gaji, wayar tana a kashe. Likitan da aka shafa fentin dominsa kuwa, kwana arba'in ko ƙurar motarsa ba a gani ba. Hajo kullum sai ta share ƙofar gidanta ta shimfiɗa tabarma tana jiran sa.

Rannan da hantsi sai ga Sarkin Ruwa Haruna a rumfar Fanna, Umara yana zaune a gefe. Abokin Umara ne tun suna kamun tarwaɗa da hannu, shi ya sa ya kasa haɗa ido da kowa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce rayukan mutane amana ce a wuyansa, ya ce shi bai yarda da zancen ba amma masu ilimi ne suka sa alamar, ba 'yan gari ba. Daga ƙarshe ya fito fili: Umara ya ajiye gora. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci za a zauna a mashigi, in babu wata shaida daga waɗanda suka shafa fentin, za a ba wani fiton.

Umara bai ce uffan ba. Ya miƙa gorar da hannu biyu, ya koma gindin giginya ya zauna. Wannan shirun shi ya fi ƙona wa Fanna rai. Da faɗa ya yi, da zagi ya yi, da ta samu sauƙi.

Bala ne dai, da bakin nan nasa, ya zo yana ba da labarin cewa ran Laraba mutanen jami'ar za su yi babban taro a Haɗeja su bayyana abin da suka gano, har an aiko wa Bulama da kati. Fanna ta ji. Ran Laraba da sassafe ta ɗauko guduma ta ɓalle ƙyauren gidanta daga jikin azara. Direban motar kasuwa ya ce wannan kuma wane irin kaya ne, ta ce masa ya ɗaure a sama ya ja bakinsa ya yi shiru.

Zauren taron sanyi kamar randa. Manya sun cika kujeru, ga ruwan roba a gaban kowa, ga hotuna ana haskawa a bango. Mai gadi ya so hana ta shiga, ta ce saƙon masu taron ne ta kawo, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ta tsaya a baya da ƙyaurenta a jingine, warin hayaƙin banda yana tashi daga mayafinta, mutane suna waiwayowa suna toshe hanci a fakaice.

Shugaban binciken, wani Dakta Abdulmannan, dogo mai tattausar murya, shi yake magana. Yana cewa sun yi mamakin juriyar mutanen fadama, kusan duk wanda suka tambaya ya nuna yana cikin natsuwa duk da abin da ruwa ya yi. Aka tafa. Fanna ta tuna maƙwabcinta da ya daina cin abinci tun da shanunsa suka tafi da ruwa, ta tuna mata nawa suke zuwa rumfarta su yi kuka su share hawaye su ce hayaƙi ne. Juriya! Sai kuma aka hasko taswirar Garin Safiyanu, ga ɗigo biyu ja a kanta. Dakta ya ce waɗannan su ne masu alamun jin muryoyin da babu su.

Nan ne ta ɗauki ƙyauren ta ratsa tsakiyar kujeru, ta kai shi gaban teburin manya ta sake shi. Ƙarar langa-langa a kan siminti ta sa har mai ɗaukar hoto ya zabura.

Ta yi sallama, don ita ba ta bar tarbiyya a gida ba. Ta ce ita matar ɗaya daga cikin ɗigon nan biyu ce, ta zo a gaya mata ciwon mijinta, tunda shekara talatin tana tare da shi ba ta gano ba, su kuwa sun gano kafin shayi ya huce.

Dakta ya sauko da sauri, ya rage murya. "Mama, don Allah ki yi haƙuri. Bayanan waɗanda muka tattauna da su sirri ne, ba ma maganarsu a bainar jama'a."

"Sirri?" Fanna ta nuna fentin da ɗan yatsa. "To ga sirrin naku nan na kawo muku, ku adana. A ƙofar gidana kuka manta shi, a bakin hanyar da kowa yake bi zuwa masallaci."

Ta juya ta nemo Amira da ido, ta same ta a gefe riƙe da takardu. Ba ta yi mata tsawa ba. Ta tambaye ta ko ta san sana'ar tsohon da ta yi wa tambayoyi. Amira ta ce an rubuta masunci. Fanna ta ce ba masunci ba ne, mai fito ne, kuma ta taɓa ganin kacala? Sai ta zayyana musu yadda mashigin yake, da yadda ake kira daga tsallake, da yadda mijinta yake jin muryar da matasa ba sa ji. Tun ba ta kai ƙarshe ba Amira ta dafe baki, takardun hannunta suka zube.

Shi kuwa Dakta, maimakon ya ce an yi kuskure a wuce wurin, sai ya shiga bayani. Wai tambayoyin ƙwararru ne suka fassara su a Kano, an kuma gwada su a wurare da dama. Wai su ba su ce kowa yana da taɓin hankali ba, alamu kawai suka rubuta. Wai takardar wanke mutum ba hurumin masu bincike ba ce, sai kwamiti ya zauna. Fanna ta bar shi ya gama tsaf. Sannan ta ce ba ta ga an jira kwamiti ba ranar da aka buɗe gwangwanin fenti. Ta ce ita ba takarda take so ba, mutanen garinsu ba takarda suka karanta ba. Ƙafarsa take so a mashigi ran Juma'a. In bai zo ba, ita da ƙyauren nan za su bi shi har jami'ar, ta zauna a ƙofar ofishinsa tana ba duk mai wucewa labari. Ta ƙara da cewa akwai wata Hajo da take shimfiɗa tabarma kullum tana jiran likitan da suka yi alkawari, ita nata ɗan da gaske ba shi da lafiya, su ji tsoron Allah.

Wani dattijo a teburin manya ya yi gyaran murya ya ce, "Dakta, ina ga zuwan nan ya zama dole."

Ran Juma'a mashigin ya cika har kan tudu. Farar motar ta iso, Dakta ya fito da takarda a hannu zai karanta jawabin ban haƙuri. Fanna ta ce ya mayar aljihu. Ta roƙi Sarkin Ruwa ya sa wani masunci ya ƙetare da baƙon zuwa tsallake ya ajiye shi, in ya sauka ya kira mai fito kamar yadda kowa yake yi. Dakta ya dubi ƙaramin jirgin, ya dubi takalminsa, ya shiga. Kacala ta haɗiye su.

Aka yi jugum ana jira. Fanna idonta yana kan mijinta, wanda yake zaune gindin giginya kamar ba dominsa aka taru ba. Can sai ta ga kansa ya ɗago kaɗan, kafaɗarsa ta motsa. Ta san wannan motsin, ya ji. Amma bai tashi ba, ya mayar da kai ƙasa. Sai da aka ɗan jima, da alama Dakta ya gane cewa muryar ɗakin taro ba ta ƙetare kogi, sannan aka jiyo shi ya buɗe maƙogwaro.

"Mai fito! Malam Umara!"

Fanna ta juyo ga taron. "Kun ji ana kira?"

Aka ce an ji.

"Kuna ganin mai kiran?"

Sai wata tsohuwa ta fara ƙyalƙyala dariya.

"To a kawo fentin, a bi mu gida-gida. A fara da ƙofar Sarkin Ruwa."

Dariya ta ɓarke, irin dariyar mutanen da kunya ta kama. Waɗanda suka fi kowa yaɗa zancen su suka fi kowa rantsuwa cewa dama su ba su taɓa yarda ba. Bala har da cewa shi tun ranar ya so ya yi wa baƙin bayani. Sarkin Ruwa ya ɗauko gorar da kansa ya kai wa Umara, ya ce, "Tashi ka ɗauko baƙonka, ka yafe mini." Umara ya karɓa ya shiga jirgi, ya dawo da Dakta wanda sauro ya yi wa kaca-kaca. Dakta ya ba da haƙuri a gaban kowa, wannan karon ba daga takarda ba. Amira ta durƙusa gaban Umara tana hawaye, ya ce ta tashi, ba komai, ita abin da aka rubuta mata ta karanta. Daga nan Fanna ta ja ta da hannu har gidan Hajo, don ta ga tabarmar da idonta.

Mutane suka watse suna cewa magana ta ƙare. Fanna ma haka ta zata. Ta mayar da ƙyaurenta, ta shafe shi da shuɗin fenti gaba ɗaya.

Kwana uku bayan haka, da la'asar sakaliya, mashigin babu kowa sai su biyu. Tana juya kifi a kan wayar banda, shi yana zaune a bakin jirgi da gorarsa a kan cinya. Ta ga kansa ya ɗago. Ta ci gaba da aikinta tana jiran ƙarar gora a ruwa, ba ta ji ba. Ta waiwaya, yana nan zaune, ya damƙe gorar har jijiyoyin hannunsa sun fito. Kansa ya sake ɗagowa, ya sake sunkuyarwa. Ya dubi hagu, ya dubi dama, kamar mai neman shaida. Sannan ya juyo gare ta, da wata murya ƙasa-ƙasa da ba ta san shi da ita ba.

"Fanna, ke ma kin ji?"

Ba ta ji komai ba. Ba ta taɓa ji ba, ita kunnenta ba irin nasa ba ne, kuma shekara talatin bai taɓa tambayar kowa ba. Ta ji da ma mutanen farar motar nan suna tsaye a wurin su ga abin da babu shi a taswirarsu.

"Na ji, Malam," ta ce. "Tashi ka je, ana jiran ka."

Sai a lokacin ya miƙe ya tura jirgin. Ta tsaya da kifi yana ƙonewa a bayanta har kacala ta rufe shi, ba ta koma rumfa ba har ta ga hancin jirgin ya sake ɓullowa. Wata mata ce a ciki, rungume da jaririya da zazzaɓi ya galabaitar, tana sauri ta samu motar Haɗeja. Tana taka tudu ta juyo tana mita.

"Haba Baba Umara, yau lafiya? Sau huɗu fa ina kira."

"Na sani, 'yata," in ji Umara, yana ɗaure igiyar jirgin ba tare da ya dube ta ba. "Duk huɗun na ji."